Shawara dan Allah: gem mai magana a ciki nake nema, na gaji da harbi

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema. Ni dai na gaji da ƙwallo da harbe-harbe, kullum abu ɗaya, ka ci a ci ka, ka kashe waya ka kwanta ba abin da ya rage maka a kai. Abin da ya taso da maganar, watan jiya na sake sauke GTA San Andreas don tuna baya, wannan karon na bi labarin a nutse har ƙarshe, sai na ga ashe duk tsiyar da ke unguwar su CJ, jarumin gem ɗin, ɗan sanda ne ke juya ta, Tenpenny, shi ke haɗa yaran unguwa faɗa shi ke cin ribar ƙwaya, kuma ranar da kotu ta sake shi gari ya kama da wuta. Da na bincika ashe daga tarzomar Los Angeles ta 1992 suka ɗauko, lokacin da kotu ta wanke 'yan sandan da aka ɗauka a bidiyo suna jibgar Rodney King. Mu kuwa muna yara a gem santa mota kawai muke ƙwacewa mu gudu, ko Turancin ba ma ji. To irin wannan nake so, mulki, talauci, cin hanci, yaƙi. Waya ce da ni mai RAM 4 sai wata tsohuwar laftof da batirinta ba ya kai awa ɗaya.

Mai Shagon Gem: Wa alaikumus salam. Kar ka wahalar da kanka ɗan'uwa, fara da Papers, Please. Mutum ɗaya ne ya haɗa shi, Lucas Pope, 2013 ya fito, tun 2022 kuma akwai na waya, ba shi da nauyi kuma da ka sauke shikenan ba ruwanka da data. Kai ne ma'aikacin boda a wata ƙasar da aka ƙirƙira, Arstotzka, shekarar 1982, an gama yaƙin shekara 6 da maƙwabta an buɗe ƙofa. Aikinka ka karɓi fasfo ka duba hoto, ka duba ranar ƙarewa, ka duba garin da aka buga shi, ka danna hatimin shiga ko na komawa. Ji zakai kamar ba komai ko? To duk mutum ɗaya da ka sallama daidai kuɗi 5 ake biyanka, in lokacin tashi ya yi an rufe, da daddare sai a kawo maka lissafin gida, haya, abinci, ɗumama ɗaki don ƙasar sanyi ce, ga matarka ga ɗanka ga surukarka ga kawunka duk a wuyanka. Kuma kusan kullum sai an ƙaro doka, yau a ce sai da takardar izinin shiga, gobe a ce ta ma'aikata daban, jibi a ce 'yan ƙasa kaza a caje su, teburin ƙarami takardu sun cika shi. Kuskure biyu a rana gargaɗi ne, na uku a yanke maka albashi. Ni yaran shago har dariya suke min wai oga ya bar PS5 yana buga sitam a takarda, amma wlh ban taɓa buga abin da ya hana ni barci irinsa ba. Abu ɗaya, in ka shiga ka je saitin ka kashe nuna tsiraici, don akwai na'urar caje jikin mutane.

Ɗan Damagaram: Wannan gem ɗin na san shi sarai. Ni fatauci nake, hanya ce gidana, kuma an taɓa tsare ni a wani shinge tun hantsi har bayan la'asar a kan harafi guda da ya bambanta tsakanin katina da takardar kaya, ga rana ga direba na ta min masifa zai tafi ya bar ni. A raina ranar ba irin addu'ar da ban yi wa mutumin nan ba. Da na buga Papers, Please na kai wajen da wani magidanci ya zo takardunsa lafiya lau, na buga masa ya shiga, yana tafiya ya ce matata na bayana don Allah ka kyautata mata, sai ga ta ta zo ba takardar izini, tana cewa in aka maida ta kashe ta za a yi. Rannan na riga na yi kuskure biyu, yarona a gem ɗin ba lafiya. Na daɗe ina kallon hatimin nan biyu. Ba zan faɗi wanda na danna ba don kar in ɓata wa Ɗan Kurmi, amma tun daga nan in na tsaya gaban taga ina miƙa takarda ina ganin mutum ne a ciki, shi ma akwai wanda ke tsaye a kansa.

Abban Husna: Ku yi haƙuri in ɗan saka baki, ni na girme wa yawancinku kuma saboda yarana na shigo zauren nan. Wannan da Ɗan Damagaram ya faɗa shi ne abin da nake tsoro. Yanzu kenan gem zai koya wa yaro cewa mai karɓar na goro yana da uzuri? Kowa ya ci amana sai ya ce iyali gare ni. Sannan ni a ganina wasa wasa ne, me ya kawo siyasa cikinsa, a bar yara su huta mana.

Anti Mai Fayil: Abban Husna ina wuni, Allah ya ƙara girma. Ni shekarata 11 ina zaune bayan kanta a wani ofis, mutane na layi ina duba takardunsu, don haka bari in ba ka amsa daga ciki. Gem ɗin bai ba kowa uzuri ba. Akwai wani mai gadi a ciki da zai zo ya same ka ya ce ana ba shi lada a kan duk wanda aka tsare, in kana turo masa mutane zai dinga ba ka kuɗi 5 a kan kowane mutum biyu. Kafin ya zo, in ka ga kuskure a takarda maida mutum kawai kake ya je ya gyaro. Bayan ya zo sai ka tsinci yatsanka na zuwa wajen maɓallin tsarewa da kansa, tsohuwa ce ko yaro ne ba ka ma duba fuska. Ba wanda ya tilasta ka, kai ka danna. Ni da na ga haka jikina ya yi sanyi domin na san irinsa a zahiri, na ga mutanen kirki masu sallah a sahun farko da aka canza musu tsarin alawus wata uku kawai halinsu ya canza. Wa'azi zai gaya maka cin hanci haramun ne kuma gaskiya ne, gem ɗin kuwa zai nuna maka ta ƙofar da yake shigowa, wannan ai ilimi ne ba uzuri ba.

Ɗan Damagaram: Yauwa Anti kin faɗa min abin da na kasa faɗa. Ban yafe wa wanda ya tsare ni ba fa, har gobe zalunci ne, na dai gane cewa ko an cire shi an kawo wani in tsarin bai canza ba haka za a yi.

Injiniya: Abba maganar a bar siyasa a waje, ai ta riga ta shigo tun kafin mu farga, kuma ta cikin waɗanda yaranka ke bugawa kullum ma. Sojan Amurka da kansu suka fitar da gem mai suna America's Army a 2002, kyauta, don jawo matasa shiga soja, sai 2022 suka rufe shi, shekara 20 kenan. Call of Duty: Modern Warfare na 2019 akwai mishan da suka kira Hanyar Mutuwa, a labarin wai Rasha ce ta yi wa masu gudu ruwan bama-bamai a wata ƙasar ƙirƙira. Alhali hanyar da duniya ta sani da wannan sunan ita ce wadda ta tashi daga Kuwait zuwa Basra, a Fabrairun 1991, kuma jiragen Amurka da ƙawayenta ne suka ragargaji ayarin sojan Iraƙi da ke janyewa. Yaron da bai karanta tarihi ba wa zai ɗora wa? A Call of Duty: Vanguard na 2021 shafukan Alƙur'ani aka gani warwatse a ƙasa a wani fili, sai da Musulmi suka yi ca kamfanin ya cire ya ba da haƙuri. Ko ƙwallon ma, da aka fara yaƙin Yukiren a 2022 kamfanin EA masu FIFA 22 cire ƙungiyoyin Rasha suka yi daga cikinsa. To kaga wanda ya fito fili ya ce ga abin da nake nufi ya fi min sauƙi a kan wanda zai cusa wa yaro a ɓoye yana ce masa nishaɗi ne.

Abban Husna: Innalillahi, wannan na Alƙur'anin ban taɓa ji ba. To na karɓi gyara a nan. Amma dai a dinga faɗin wanda bai dace da yara ba in ana ba da shawara.

Injiniya: In sha Allah Abba. Tunda haka ne, Mafia III na manya ne zalla, akwai zagi da zubar da jini, kar a ba yaro. Amma akwai wata dabara a ciki da ban manta ba. 2016 ya fito, labarin 1968 ne a kudancin Amurka, kai baƙar fata ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam. In ka yi laifi a unguwar Turawa masu kuɗi kafin ka juya motocin 'yan sanda sun cika wajen, in a unguwar baƙaƙe ne sai ka ji mai rediyon 'yan sanda na magana a sanyaye kamar a ce in akwai wanda ke kusa ya leƙa. Wasu shagunan ma shigarka kawai laifi ne. Ba wanda ya tsaya yi maka lacca a kan wariyar launi, a jikinka kake ji. Laftof ɗin Ɗan Kurmi dai ba za ta ɗauka ba.

Ɗan Yerwa: Tunda an ambaci yaƙi. This War of Mine, akwai shi a waya. Wani kamfani a Foland, 11 bit studios, suka yi a 2014, sun ɗauko daga ƙawanyar da aka yi wa Sarayebo daga 1992 zuwa 1996. Ba soja kake ba, mutanen gari ne su uku ko huɗu a rusasshen gida, ɗaya mai dafa abinci ne ɗaya ɗan ƙwallo ne ɗaya 'yar jarida, da rana ba fita saboda maharba a saman benaye, da dare mutum ɗaya zai ɗau jaka ya je neman abinci da magani da katako, sauran wani ya yi gadi wani ya kwanta. Akwai wani gida da tsoho da tsohuwa ke ciki, suna da abinci da magani, ba su da makami, ba abin da zai hana ka kwashewa, tsohon zai dinga binka ɗaki ɗaki yana roƙonka ka bar maganin matarsa. In ka kwaso ka dawo, mutanen gidanka za su ci su ƙoshi amma sai ka ga sun daina magana, wani ya zauna a ƙasa ya ƙi tashi, in abin ya yi yawa har kashe kansa yake.

Ni gaskiya ban iya gama shi ba. Mun yi zaman da magariba na yi kowa ya shige, mun kwana muna jin ƙara muna lissafin daga wace unguwa take, gidanmu ya taɓa ɗaukar mutum sama da 30 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauye da kayan jikinsu kawai. Abin da ya fi kama da gaskiya a gem ɗin a wajena ba yunwar ba ce, ƙwanƙwasa ƙofar nan ce da rana, maƙwabci ya zo ya ce a taimaka masa ya toshe tagogi, ko yara biyu su zo neman magani wa mahaifiyarsu, kai kuma kwalba ɗaya ta rage maka. Mahaifiyata ba ta taɓa maida kowa ba a lokacin, ko da kwano ɗaya ne sai an raba, kuma da na ga gem ɗin ya sa wanda ya bayar yana samun ƙarfin zuciya ko da cikinsa ba komai na ce lallai waɗannan sun zauna da waɗanda abin ya faru da su. Wanda bai taɓa gani ba ya buga, wanda ya gani kuma ya bi a hankali.

Anti Mai Fayil: Allah sarki. Allah ya saka wa Mama da alheri, ya zaunar mana da ƙasa lafiya.

Mai Shagon Gem: Amin ya Allah. Gwamnatin Foland ma a 2020 ta sa This War of Mine cikin jerin abin da ɗaliban sakandare za su iya nazarta, kamar littafi. Abban Husna a sani akwai dafa giya da sayar da taba a ciki a matsayin hanyar samun abin musaya, ba dole ba ne amma akwai. Kamfanin nan 11 bit studios ne kuma suka yi Frostpunk a 2018, can kai ne shugaba, sanyi ya cinye duniya gari ɗaya ya rage, za ka sa hannu a dokar sa yara aiki ko ƙara awannin aiki zuwa 14 ko zuba garin katako a abinci don ya auku, kowace doka da dalilinta mai kyau a ranar da ka sa ta.

'Yar Siyasa Aji Uku: Masu son kujera ku zo nan 😄 Suzerain. Yana waya, ba ya cin caji sosai don karatu ne kusan duka, amma fa Turanci ne mai yawa, wanda karatu ke gundura kar ya fara. Wani ƙaramin kamfani a Balin ne suka yi a 2020. Kai ne Anton Rayne sabon shugaban ƙasar Sordland a 1954, tattalin arziki ya durƙushe, tsarin mulkin wani tsohon kanal ne ya rubuta shi kuma har yanzu mutanensa ne a kotun ƙoli da cikin jam'iyyarka, ga manyan attajirai biyu kowa na gayyatarka cin abinci da tayinsa a aljihu, ga wata ƙabila da ake danne wa harshe, ga maƙwabciya na shirin yaƙi, ga manyan ƙasashe biyu kowa na cewa zo mu ba ka tallafi. Tun farko za a ce zaɓi, titi ko layin dogo, kuɗin ba zai isa biyu ba, sannan wa za ka ba kwangilar. Ni na shiga da niyyar gyara komai, na yi alƙawarin lafiya da ilimi da sabon tsarin mulki, kafin shekara biyu baitulmali ya koma bashi, don in samu ƙuri'un majalisa na ba wani da na san ɓarawo ne abin da yake so. Abin da muke karantawa a aji a kan yadda masu riƙe da jam'iyya ke ɗaure shugaba sai a nan na gan shi da ido. Kuma iyalinka na ciki, matarka na da nata ra'ayin a kan haƙƙin mata, in ka wulaƙanta ta a bainar jama'a don faranta wa dattawan jam'iyya za ka gani a gida.

Ɗan Kurmi: Kai wannan ya yi min, zan haɗa da na farkon. Ba wanda ya fi sauƙi, mai ɗan raha?

'Yar Siyasa Aji Uku: Tropico. Shugaban wani tsibiri ne kai, kana iya murɗe zaɓe, ka tura kuɗin ƙasa asusunka na Suwizalan, ka sayi shugaban 'yan adawa ko ka ɗaure shi, duk cikin barkwanci. Amma sojojin da suka yi juyin mulki a Tailan a 2014 ba su ga abin dariya ba, hana sayar da Tropico 5 aka yi a ƙasar a shekarar.

Malamar Tarihi: Ina ta jira wani ya ambaci namu shiru. Ku sani fa muna cikin waɗannan wasannin. Age of Empires III a 2021 sun ƙaro Hausa da Habasha, za ka danna manomi ya amsa maka da Hausa, akwai mahaya masu lifidi, akwai wani soja da suka kira Maigadi, akwai maharba Fulani, jagorar Sarauniya Amina ce amma babban birnin Kano suka sa, wanda ni 'yar Zariya har yau bai kwanta min ba. Akwai ma yaƙin 1804 na Shehu Usmanu da Gobir a ciki. Ranar da na kunna wa ɗalibaina suka ji Hausa na fita daga kwamfuta ajin kamar zai tsage. A Crusader Kings III kana iya farawa da Daurama ta Daura a shekarar 867. Civilization VII na 2025 ma Amina na cikin shugabanni.

Amma ga inda nake so ku lura. Shi Age of Empires III ɗin da suka sabunta shi a 2020 sun canza sunan zamanin da a da suke kira na mulkin mallaka suka maida shi zamanin kasuwanci, sun gyara sunayen ƙabilun asalin Amurka zuwa yadda su ke kiran kansu, wannan ya yi kyau. Sai dai dokar wasan na nan yadda take, ka faɗaɗa, ka kwashi ma'adinai, ka rushe garin maƙwabci, wanda ya fi cinye ƙasa shi ya ci. An sa mana rawani an ba mu doki amma tunanin da ke ƙasa na wanda ya zo cin ƙasa ne. Kano ba da yaƙi kawai ta zama Kano ba, da marina da saƙa da fatauci da malamai ne. Shi ya sa na fi ba manya shawarar Victoria 3, na wani kamfanin Suwidin, 2022. Yana farawa 1836, wato Sarkin Musulmi Muhammadu Bello na raye, kuma kana iya ɗaukar Sakkwato ko Barno. Nan za ka ga abin da ba ma son tattaunawa, akwai bauta a dokar ƙasar, in ka tashi soke ta masu gonaki da sarauta za su taso maka har da barazanar tawaye, in ka bar ta talaka ba shi da kuɗin sayen abin da masana'antarka ke yi, kana cikin wannan Turawa na matsowa daga teku. Ni na fi sau biyar ina gwadawa in ga ko zan wuce 1903 da 'yancina. Yana son kwamfuta mai ƙarfi da haƙuri.

Ɗan Garwa: Malama kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Duba yadda suke nuna Afirka in ba mu muka yi ba. Resident Evil 5 na 2009, Bature da bindiga yana harbin baƙaƙen da cuta ta haukata a wani gari mai ƙura, tun daga tallansa aka fara surutu. Far Cry 2 na 2008 ya fi shi tunani, ƙasar ba ta da ko suna, ɓangarori biyu na yaƙi dukkansu dillali ɗaya ke sayar musu da makami, da lu'ulu'u ake biyanka, zazzaɓin cizon sauro na kama ka tsakiyar faɗa, kuma duk ɓangaren da ka yi wa aiki ba abin da ke gyaruwa. Ya faɗi gaskiya a kan dillalan makamai amma mutanen ƙasar kusan ba ka ganinsu, kamar daji ne kawai da shingaye. To mu nan Kamaru akwai Kiro'o Games a Yawunde, Olivier Madiba ya kafa, a 2016 suka fitar da Aurion, labarin yarima ne da ɗan'uwan matarsa ya yi masa juyin mulki ranar aurensa da naɗinsa, shi da matar suka fita neman goyon baya. Suna aikin wuta na ɗaukewa, kuɗin ma a wajen ƙananan masu zuba jari suka tara. Ba zan ce ya kai na manyan kamfanoni kyan hoto ba, amma tambayar da ke cikinsa tamu ce, in ka dawo kan kujerar me za ka yi da ya bambanta da wanda ya ƙwace. Tsohuwar laftof ma za ta iya ɗauka ina ga.

Injiniya: Wanda ke da PS4 ya nemi Metal Gear Solid V na Hideo Kojima, 2015, rabi a Afganistan rabi a iyakar Angola da Zayar, 1984. Mugun da ke cikin labarin an raba shi da harshen uwarsa tun yana yaro, sai ya samo wata ƙwayar cuta da ke zama a maƙogwaro, ba ta tashi sai ta ji wani harshe takamaimai, burinsa ya shafe Turanci daga duniya. Akwai inda cutar ta ɓarke a sansaninka, sai ka bi sunayen ma'aikatanka ɗaya bayan ɗaya ka gano ashe masu jin Kikongo ne ke mutuwa. Akwai kuma wani tsoho ɗan ƙabilar Nabaho da aka kai makarantar kwana aka hana shi yarensu. Duk wanda aka taɓa ci tararsa a firamare don ya yi Hausa a aji zai gane wannan tsohon. Na manya ne shi ma Abba, akwai shigar da ba ta dace ba.

'Yar Agadas: Ni biyu zan ƙara, duka na waya kuma gajeru. Bury Me, My Love, 2017, kamar hirar WhatsApp yake, kai ne miji a Homs ta Siriya matarka Nour ta kama hanyar Turai, tana turo maka saƙo tana tambaya in hau motar nan ko in jira, in biya mai fasa-ƙwaurin nan ko ƙarya yake, wani lokaci ta yi shiru na awanni kai dai kana duba waya. Mu da muke ganin motoci na tashi zuwa Libiya, muka san gidajen da har yau ake jiran saƙo, wannan shirun ba wasa ba ne a wajenmu. Na biyu Liyla and the Shadows of War, wani Bafalasɗine Rasheed Abueideh ya yi a 2016 a kan yaƙin Gaza na 2014, bai kai rabin awa ba, uba ne ke ƙoƙarin fitar da matarsa da 'yarsa. Da farko Apple cewa suka yi ba za a sa shi a sashen wasanni ba saboda siyasa ce, ya kai shi sashen labarai, sai da mutane suka yi ta magana suka janye.

Abban Husna: Wannan na ƙarshen zan zauna in buga tare da babban ɗana in sha Allah, shekararsa 16. Na gode ƙwarai 'yata.

Ɗan Kurmi: Jama'a na dawo, tun jiya bayan isha'i nake kan Papers, Please sai da caji ya mutu. Wani tsoho ya zo ba fasfo na kore shi, washegari ya dawo da wanda ya zana da hannu wai daga Cobrastan, wlh sai da na ji kunyar maida shi. Kuma na kai wajen matar nan da Ɗan Damagaram ya faɗa. Na riga na ci gargaɗi biyu, daren jiya ban biya ɗumama ɗaki ba, yaron na sanyi kuma ba lafiya, kuɗin hannuna ko maganin ba su kai ba. Na maida ta. Mijin na can ciki yana jira. Ban ma iya duba na bayanta da kyau ba na sake yin wani kuskuren aka yanke min kuɗin duk da haka. Oga akwai yadda zan koma ranar?

Mai Shagon Gem: Akwai, ka fita ka shiga wajen ci gaba da labari za ka ga ranakun a jere, ka zaɓi ta biyar ka sake daga nan, wancan layin ba zai goge ba. Ka jera littafin doka a gefen dama a buɗe a shafin garuruwa, ka dinga duba ranar ƙarewa kafin komai, za ka fi sauri. Abinci da ɗumi kuma ka dinga karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan, kar ka bar ɗaya kwana biyu a jere.

Ɗan Damagaram: Ni ma maida ta na yi a karon farko. Ban koma ranar ba, haka na ci gaba da shi har ƙarshe.